Fentin Galeria a zanen fuskar kai na minti 30

Mai son hannunsa ya faɗa a zanen fuska ba shi da abin gwaji mai arha kamar tasa fuskar. Madubi ɗaya, takarda girman A5 mai kauri (wadda ake rubuta wa 300gsm), minti 20 zuwa 30, shi ke nan. A irin wannan atisaye fentin akirilik na Galeria, na kamfanin Winsor & Newton, ya cancanci kuɗinsa.

Ba sai an sayi akwati guda ba. Kala biyar a tub (irin na man goge baki) na mililita 60 sun wadatar: Burnt Umber (ruwan ƙasa mai duhu), Burnt Sienna (ruwan ƙasa mai ja-ja), Yellow Ochre (rawaya mai ƙasa-ƙasa), Ultramarine (shuɗi) da Titanium White (fari). Laushin fentin daidai yake, yana bin burushi ba gardama, kuma shafa biyu kan rufe abin da ke ƙasa. Bai kai na ƙwararru ƙarfin launi ba, amma zanen gaggawa ba ya buƙatar haka.

Inda aikin yake shi ne bushewa. Akirilik ruwa ne a jikinsa, ruwan na tafiya ya zama roba. A Katsina, da hunturu ko bazara, ɗan siririn shafi kan bushe cikin 'yan mintoci, tun kafin a haɗa kumatu da haɓa. Alheri ne ta wani ɓangaren, don ana gyara kuskure nan take. Amma fentin da ke kan faranti ma haka yake mutuwa, kuma wanda ya bushe ba ya dawowa ko an jiƙa shi. Maganin: a sami robar abinci mai murfi, a shimfiɗa tsumma mai laima, a ɗora takardar gashin burodi, a matsa fenti a kai, kowane kala kamar ƙwayar gyaɗa. A kashe fanka. A riƙa fesa ruwa kaɗan-kaɗan.

Zauna yadda haske zai zo ta taga ɗaya, daga gefe. Da burushi mai faɗi, lamba 8, tsinka Burnt Umber da ruwa ka fitar da siffar kai da inuwa cikin minti 5. Ido da baki su jira ƙarshe.

Kuskuren da ya fi yawa a baƙar fata shi ne haskaka ta da fari. Fuska sai ta yi toka-toka kamar wanda sanyi ya busar. A haskaka da Burnt Sienna da Yellow Ochre. Farin a adana shi don ƙyallin goshi da karan hanci, a gauraya masa ɗan shuɗi. Inuwa kuwa Burnt Umber da Ultramarine, sun fi baƙin fenti rai nesa ba kusa ba. A tuna akirilik yakan ɗan ƙara duhu in ya bushe, don haka a haɗa kala da ɗan haske fiye da abin da madubi ya nuna.

Burushi kada ya kwana da fenti. A wanke da sabulu nan take, a rufe tub da kyau, a ajiye shi nesa da rana.