Jarabawa ko asainmen a ajin soshiyoloji

Ni dai in aka ce in zaɓa tsakanin jarabawa da asainmen a kwas ɗin farko na soshiyoloji, wato ilimin zamantakewar al'umma, wallahi asainmen zan ɗauka. Jarabawa kam hadda ce, ka kwana kana bitar Auguste Comte ne ya raɗa wa fannin suna, Marx ya tsaya kan rikicin masu jari da ma'aikata, ka juye cikin awa biyu, bayan sati ɗaya rabi ya gudu. Amfaninta dai ba mai rubuta maka.

Asainmen fa daban ne. An taɓa ba mu aiki kan binciken da masanin zamantakewa Durkheim ya yi a 1897, inda ya nuna 'yan Furotesta sun fi 'yan Katolika yawan kashe kansu saboda ƙarancin cuɗanya a tsakaninsu, to sai da na zauna na cika shafi biyar ina gogewa ina sakewa sannan na gane yadda damuwar mutum ɗaya ke da saiwa cikin jama'a. Inda yake ɓata min rai aikin rukuni ne, mutum biyu su sha wahala biyar su kwashi maki, ga kuma masu kwafowa daga intanet.