Rawar Zamanin Han a Gidan Tarihin Duwatsu na Nanyang

Gidan adana sassaƙaƙƙun duwatsun daular Han da ke birnin Nanyang, a lardin Henan na ƙasar Sin, ya cancanci ziyarar duk mai sha'awar tarihin rawa. Daga kaburburan wannan daula, wadda ta ƙare a shekarar 220 miladiyya, aka ciro yawancin duwatsun. Abin da ya fi burge ni shi ne masu rawa da dogayen hannayen riga, ƙugu a lanƙwashe, suna taka faranti da ganguna da aka jera a ƙasa, makaɗa suna gefe. Dutse ba ya adana kiɗa, saboda haka sai dai mai kallo ya kintaci saurin takun daga yadda hannun riga ya tashi sama. Ina ba da shawarar a ɗauki mai yin bayani, domin wasu zane-zanen sun dusashe.