Kyautar Magritte ta finafinan Beljiyam: na bi jerinta na kalla, ga abin da na gani

Jama'a yau dai sharhi zan yi a kan wani abu da na daɗe ina amfani da shi kamar ɗan jagora duk lokacin da nake neman fim ɗin Faransanci mai ma'ana, wato kyautar Magritte, bikin karrama finafinai da ake yi shekara-shekara a Brussels don ɓangaren Beljiyam masu jin Faransanci. Ni yadda na ɗauke ta kamar hidima ce ake yi wa ɗan kallo, su zauna su tace su ce ga wanda ya fi a bana, kai kuma ka je ka nema ka gani ko gaskiya suka faɗa. To na bi jerin nasu na kalli da dama daga ciki, na kuma kalli bikin kansa fiye da sau ɗaya, shi ya sa nake ganin ina da bakin magana.

Beljiyam ƙaramar ƙasa ce, mutanenta ba su wuce miliyan 12 ba, kuma a rabe take ta fuskar harshe, arewa suna yaren Holan, kudu wato Wallonie da mafi yawan mutanen Brussels suna Faransanci, sai ɗan ƙaramin yanki a gabas masu Jamusanci. Na arewa suna da kyautarsu da ake kira Ensor a garin Ostend. Na kudu su ne masu Magritte, wadda daga 2026 aka sauya mata suna zuwa René. Ƙungiyar Académie André Delvaux ce ta kafa ta a 2010, aka yi biki na farko ranar 5 ga Fabrairun 2011 a zauren Square da ke tsakiyar Brussels. Sunan kuwa na shahararren mai zanen nan ne René Magritte, shi kuma gunkin da aka riƙa miƙa wa wanda ya ci wani mai suna Xavier Lust ne ya tsara shi.

Abin da ya fara jawo ni gaskiya haushi ne. Shekara da shekaru ina kallon su Cécile de France da Virginie Efira da Benoît Poelvoorde da Olivier Gourmet da Jérémie Renier ina ɗauka duk 'yan Faransa ne, ashe dukkansu 'yan Beljiyam ne, Paris ce take jan su saboda can ne kuɗin yake can ne kasuwar take, kuma da yake harshe ɗaya ne ba wanda yake tsayawa ya tambaya daga ina kake. Faransa tana da kyautar César tun 1976, kowa ita ya sani. Su kuma 'yan uwan nan biyu Jean-Pierre da Luc Dardenne sun ɗauki Palme d'Or, babbar kyautar bikin finafinai na Cannes a Faransa, har sau biyu, 1999 da 2005, amma korafin da masu sana'ar suka daɗe suna yi shi ne mutanen gida ba sa cika silima don fim ɗin gida, sun fi zuwa na Amurka da na Faransa. Inuwar giginya kenan, na nesa ka sha. Dalilin kafa Magritte kenan, a nuna wa na gida cewa ga naku fa, kuma mu da muke nesa muka tsinci dami a kala.

Yanzu bari in shiga ainihin abin, wato shin zaɓinsu abin dogaro ne. Amsa ta ita ce eh, mafi yawan lokaci, kuma inda suka fi burge ni shi ne ba sa jin kunyar ba wa ƙaramin fim babbar kyauta.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne Deux jours, une nuit na su Dardenne da ya ci gwarzon fim a 2015. Labarin wata mata ce Sandra da ta yi jinya za ta koma aiki, sai aka ba abokan aikinta zaɓi, ko su karɓi bonas na Yuro 1000 kowanne a sallame ta, ko su haƙura da kuɗin ta ci gaba da aiki, ita kuma kwana biyu kawai take da shi ta bi su gida-gida tana roƙo. Shi kenan labarin fa, babu harbi babu tseren mota babu kiɗan da zai matsa maka ka yi kuka, ƙwanƙwasa ƙofa ne kawai da jiran amsa, amma wallahi duk ƙofar da ta ƙwanƙwasa sai na ji gabana ya faɗi, don kowanne daga cikinsu yana da uzurinsa na gaskiya, wannan kuɗin makarantar yara wannan gyaran gida wannan kwantiraginsa ne na wucin gadi yana tsoron a kore shi, ba za ka iya cewa wane mugu ne ba. Marion Cotillard ce ta fito a Sandra har aka sa ta a takarar Oscar, shi kuma Fabrizio Rongione da ya fito a mijinta ya ɗauki Magritte na gwarzon jarumi, kuma na yarda da wannan zaɓin ɗari bisa ɗari domin shi ne irin aktin ɗin da ba a cika lura da shi ba, mutum ne mai haƙuri yana tsaye a gefe yana tallafa wa matarsa ba hayaniya.

Na 2018 ma haka, Insyriated na Philippe Van Leeuw. Iyali ne a kulle cikin gidan bene a Dimashƙu lokacin yaƙin Siriya, kwana ɗaya tak, Hiam Abbass ce uwar gidan tana ƙoƙarin riƙe kowa da kowa kada hankali ya tashi. Da Larabci aka yi shi gaba ɗaya. A nan ne na fahimci cewa su Magritte ba harshen da ake yi a cikin fim suke dubawa kawai ba, suna duba wa ya shirya shi kuma daga wane ɓangare kuɗin ya fito. Shi kansa fim na farko da ya ci a 2011, Mr. Nobody na Jaco Van Dormael, da Turanci ne kuma Jared Leto ne jarumin. Da farko abin ya ɗan ɗaure min kai, kyautar masu Faransanci kuma a buɗe ta da fim ɗin Turanci? Daga baya na ga hikimar, ƙasa ce ƙarama wadda kusan duk fim ɗinta haɗin gwiwa ne da Faransa ko Luxembourg ko wata ƙasar, in suka ce sai mai Faransanci zalla za su zubar da 'ya'yansu da yawa. Har ma suna da rukuni na musamman don gwarzon fim ɗin Flanders, wato suna karrama maƙwabtansu na arewa a cikin bikinsu, wannan kam dattako ne a ƙasar da rikicin harshe ba ya ƙarewa.

A 2014 katun suka ba wa gwarzon fim, Ernest et Célestine, abotar wani beyar da 'yar ɓera, zane mai laushi kamar an yi da ruwan kala a takarda, an ɗauko shi daga littattafan Gabrielle Vincent. Shi ne wanda za ka kunna da yara a ɗaki hankalinka kwance. Sai Nos batailles na Guillaume Senez a 2019, uba ma'aikacin wani katafaren sito da matarsa ta tafi ba sallama ta bar shi da yara biyu ga aiki ga gwagwarmayar ƙungiyar ƙwadago, shi ma ya taɓa ni ƙwarai.

To amma ba kullum suke ba wa finafinan talauci da hawaye ba, don wannan ita ce shaidar da ake yi wa finafinan Beljiyam, wai kullum sama ta yi duhu mutum ya rasa aiki. A 2020 Duelles na Olivier Masset-Depasse ya kwashe kyauta 9, labarin maƙwabta biyu mata aminan juna da zargi ya shiga tsakaninsu bayan wani hatsari, fim ne na tashin hankali mai sa ka kasa zama, har Amurkawa suka sake yin sa a 2024 da Anne Hathaway da Jessica Chastain, ni dai na asalin ya fi min nesa ba kusa ba. A 2021 ba a yi bikin ba saboda korona. A 2025 kuma La nuit se traîne na Michiel Blanchart ya kafa tarihi da kyauta 10, wani matashi mai gyaran makulli a Brussels aka kira shi ya buɗe wata ƙofa cikin dare, ashe ƙofar bala'i ce, daga nan sai gudu har asuba. Fim ɗin sa na farko ne fa mai tsawo. Haka Dalva na Emmanuelle Nicot da ya ci a 2024 shi ma na farkonta ne. Wannan ne ya sa nake cewa jerin nasu yana da amfani, sunayen da ba ka taɓa ji ba suke fito maka da su.

Ga wanda Afirka take ransa, a wannan jerin ne na ci karo da Augure na Baloji, mawaƙi haifaffen Lubumbashi a Kwango da ya tashi a Liège, fim ɗin ya samu kyauta a Cannes a 2023 kuma shi Beljiyam ta tura takarar Oscar. Labari ne na mutumin da ya koma gida da Baturiyar da zai aura danginsa suna yi masa kallon mai maita. Hotunansa wani abu ne daban, kala da kaya da kiɗa, ko ba ka gane komai ba idonka zai ƙoshi.

Bari in faɗi inda nake da ja. Na farko, da yake masana'antar ƙarama ce kuma 'yan sana'ar ne da kansu suke jefa ƙuri'a, sunaye suna yawan maimaituwa. Bouli Lanners kaɗai finafinansa sun ci gwarzon fim sau uku, 2012 da 2017 da 2023, Van Dormael sau biyu. Ba wai ba su cancanta ba, ina son aikin Lanners sosai, amma in fim ɗaya ya kwashe 9 ko 10 a dare ɗaya sai in riƙa tunanin sauran da suka sha wahala suka koma hannu rabbana, alhali dalilin bikin shi ne a haska su duka. Na biyu, shi bikin kansa in ba ka jin Faransanci sosai zai yi maka tsawo, barkwancin masu gabatarwa na cikin gida ne, siyasar Beljiyam da tsokanar Faransa da maganar kuɗin tallafi, ni da nake ji daidai gwargwado ma wasu suna wuce ni. Inda yake da daɗi shi ne jawabin masu aikin bayan fage, mai ɗaukar hoto da mai haɗa sauti da mai ɗinka kaya, za ka ga mutum yana rawar murya yana gode wa wanda ya koya masa aiki, babu irin ƙyale-ƙyalen Hollywood, kamar taron dangi ne.

Na uku kuma gargaɗi ne, kyauta ba ta nufin fim ya dace da kowa. Turawa ne da al'adarsu, wasu finafinan akwai tsiraici, wasu suna taɓa batutuwa masu nauyi irin cin zarafin yara, wanda ya ci a 2016 ma wasa yake yi da sha'anin addini ta yadda ni ban iya kallonsa ba kuma ba zan ba wa kowa shawara ba. Don haka ka karanta taƙaitaccen labari tukuna kafin ka kunna, musamman in ba kai kaɗai ba ne a wurin.

Wahalar da ta fi damuna ba ta bikin ba ce, samun finafinan ne. Sau da yawa zan ga suna a jerin in shiga wata manhajar kallo ta ce wannan ba a nuna shi a yankinku, in koma wata in samu amma babu fassarar rubutu a ƙasa, akwai wanda na yi wata da watanni ina nema kafin na dace. Maganar haƙƙin mallaka ce, ana sayar da shi ƙasa-ƙasa. Abin da ya ɗan taimake ni wajen saba kunne shi ne TV5MONDEplus da aka buɗe a Satumbar 2020, kyauta ne ba biyan kuɗi, yana tara shirye-shirye daga gidajen talabijin na Faransa da Beljiyam da Suwizalan da Kanada da kuma na Afirka, da fassarar rubutu a harsuna irin su Turanci da Larabci, abin da ke ciki yana canzawa don haka sai ka riƙa leƙawa. A can Beljiyam kuwa gidan talabijin na RTBF ne yake nuna bikin.

In ka saba da wannan za ka so ka leƙa na Quebec a Kanada ma, su ma irin matsalar ce, masu Faransanci a tsakiyar masu Turanci, sun fara nasu bikin a 1999 da sunan Jutra, suka cire sunan a 2016, yanzu Iris ake kiran kyautar. Na fara bin nasu jerin amma lafazinsu sai a hankali, dole sai da rubutu a ƙasa.

In maki zan bayar, jerin waɗanda suka ci zan ba shi 8 cikin 10, shi bikin a matsayin abin kallo 6. Wanda zai fara, ya fara da Deux jours, une nuit, in ya ji yana son abu mai gudu ya bi da La nuit se traîne, sannan À perdre la raison na Joachim Lafosse da ya ci a 2013, amma wannan sai ka shirya zuciyarka don labarin yana da ɗaci matuƙa. Émilie Dequenne ce ta ja fim ɗin ta kuma ɗauki Magritte da shi, ita ce yarinyar nan ta Rosetta na su Dardenne da ta ci kyautar jaruma a Cannes a 1999 a fim ɗinta na farko. Ta rasu a Maris ɗin 2025 tana da shekara 43 bayan fama da ciwon daji, ranar da na ji labarin rasuwarta, À perdre la raison na sake nema na kalla, akwai wani wuri da take tuƙa mota ita kaɗai tana bin waƙa a rediyo har kuka ya ƙwace mata, kyamara ba ta motsa daga fuskarta ba har waƙar ta ƙare.