Wane bugun Notre-Dame de Paris za ka saya?

Ba duk littafin da ka gani da hoton mai ƙusumbi a bangonsa ne aikin Victor Hugo na 1831 ba. Ni an taɓa cuta ta, shi ya sa nake jan kunne.

Idan da Turanci za ka karanta, zaɓina fassarar Alban Krailsheimer ce ta 1993, bugun Oxford World's Classics. Ya bar wa littafin sunansa na asali, ba The Hunchback of Notre-Dame da aka saba sa masa a Turanci ba, bai yanke komai ba, kuma bayanan da ya jera a ƙarshe su ne ke riƙe hannunka a lungunan Paris ta 1482, zamanin Sarki Louis na 11. A cikinta na fara jin nauyin soyayyar Quasimodo, kurman nan mai ƙusumbi da ke kaɗa ƙararrawar cocin Notre-Dame, ga Esmeralda mai rawa da akuyarta Djali, ita kuwa zuciyarta na wajen soja Phoebus da bai ɗauke ta a bakin komai ba. Ta John Sturrock, bugun Penguin na 1978, ba laifi. Ta Isabel Hapgood ta 1888 kyauta take a intanet, amma Turancinta ya tsufa. 'Yan'uwa na Nijar masu Faransanci ku nemi bugun Folio ko na Livre de Poche, kun huta.

Yanzu maganar jabu. Na taɓa tura wa wani mai sayarwa kuɗi ta waya, ya aiko mini ɗan siririn littafi mai manyan haruffa, ba sunan mai fassara, ƙarshensa kowa na murna kamar fim ɗin Disney na 1996. Raina ya ɓaci matuƙa. Wasu kuma tsohuwar fassarar kyauta suke kwafowa su buga a takarda mai shan tawada, su tsuga kuɗi.

Don haka ka ce a ɗauko maka hoton shafin abin da ke ciki kafin ka biya. Cikakken littafin kashi 11 ne. Nemi babin da Hugo ke cewa injin ɗab'i zai kashe fasahar gini, domin shi masu taƙaitawa ke fara zubarwa. Sannan duba babin ƙarshe, na auren Quasimodo: an rataye Esmeralda, daga baya aka tarar da ƙwarangwal biyu a Montfaucon, wajen da ake rataye masu laifi, na Quasimodo rungume da nata, da aka zo raba su nasa ya ruguje ya zama ƙura. In babu wannan, mayar wa mai sayarwa da kayansa.