Akwatin taimakon gaggawa na mota da ake sayarwa a Gombe: abin da ke ciki da abin da babu

Akwatin roba ne, ja ko kore ko fari, da alamar asibiti a murfinsa, girmansa bai kai na jakar ɗan firamare ba. Ana samunsa a manyan kemis na cikin Gombe da wajen masu kayan mota, kuma direbobi da yawa suna haɗa shi ne da abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku, don kada a rasa abin nunawa idan jami'an kiyaye haɗurra sun tsayar da su. Daga nan sai cikin but, ba a sake waiwayarsa sai ranar da abu ya faru. Ma'auni ɗaya muka ɗora shi a kai: idan mota ta ƙwace tsakanin Alkaleri da Dindima, ko bayan an wuce Kumo a hanyar Yola, asibiti da nisa, me wannan akwati zai tsinana a minti 10 na farko?

Idan ka ɓalle murfin, warin sifirit ne ke fara tarbarka. Kayan sukan bambanta daga shago zuwa shago, amma galibi za ka tarar da ƙunshin auduga, kwalbar sifirit, kwalbar aidin, shuɗin maganin nan da ake kira jibi, filasta ƙanana na yankan reza, siririn bandeji ɗaya ko biyu, ɗan almakashi, safar hannu guda biyu, da katin farasitamol. Wasu kan ƙara man zafi na shafawa. Shi kansa akwatin ba laifi: yana da sauƙin ɗauka, yana tare ƙura, launinsa na sa a gan shi da wuri. Sai dai a duba maɓallin murfin tun a shago, domin a masu arha shi ke fara karyewa, kaya su watse cikin but su sha mai da ƙasa.

Matsalar tana cikin kayan. Duk abin da aka lissafa na ƙaramin ciwo ne, yankan wuƙa a kicin ko yaro ya faɗi ya ƙuje gwiwa. Abin da ke kashe mutum a kan titi kafin a isa asibiti kuwa zubar jini ne da toshewar hanyar numfashi. Babban mutum yana da jini kamar lita 5 a jikinsa, kuma idan babbar jijiyar cinya ta tsinke, cikin 'yan mintuna rai zai iya fita. Bandeji mai faɗin yatsu uku da dunƙulen auduga ba za su tare wannan ba.

Auduga ma ba a ɗora ta kai tsaye a kan buɗaɗɗen rauni. Zarenta na manne wa nama, ma'aikacin jinya ya sha wahalar tsince shi, kuma wajen cirewa jinin da ya fara daskarewa ya sake ɓallewa. Sifirit na goge fata mai lafiya ne da almakashi. Idan aka tuttula shi cikin rauni, yana ƙona naman da ake so ya haɗe, ga azaba ta banza. Jibi kuma yana rina wurin, likita ya kasa ganin launin naman da zurfin ciwon. Ruwa mai tsabta shi ne abin wanke rauni, kuma fiya wata da ba a fasa ba ta wadatar a kan hanya. Aidin ya zauna, amfaninsa a gefen ciwo ne. Sifirit da jibi kuwa, ko an cire su ba a yi asara ba.

Abin da ya kamata ya cika rabin akwatin shi ne goz, ƙyallen asibitin nan mai raga-raga, wanda aka rufe cikin takardarsa, mai faɗin santimita 10 kowane gefe. A sayi aƙalla fakiti 10. A haɗa da bandeji mai talewa guda 4, biyu masu faɗin santimita 10, biyu masu 15, da babban naɗin filasta, da ƙyalle mai kusurwa uku guda 2 na rataye hannu ko ɗaure karaya. Yadda ake aiki da su: a tara goz a kan raunin, a danna da tafin hannu da nauyin jiki, a riƙe minti 10 cur ba tare da ɗagawa ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne leƙawa bayan minti ɗaya a ga ko ya tsaya. Duk leƙawa tana mayar da aiki baya. Idan jini ya ratso, ba a cire na ƙasa, ƙari ake yi a kai a ci gaba da dannawa. Idan raunin rami ne mai zurfi a cinya ko hammata, sai a cusa goz ciki har ya cika, sannan a danna. Ƙarfe ko gilashin da ya nutse cikin jiki ba a zare shi, domin sau da yawa shi ne ya toshe jijiyar. A kewaye shi da goz a naɗe ya daina motsi.

Maɗaurin tsayar da jini, wanda ma'aikata ke kira tonike, babu shi a irin wannan akwati, kuma nan ne giɓin ya fi girma. Wasu masu shago kan miƙo siririyar robar da ake ɗaura wa hannu idan za a ɗebi jini su ce ita ce. Ba ita ba ce, kuma illa take yi: tana matse jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya, ta bar masu kawo shi a buɗe, sai zubar ta ƙaru. Na gaskiya ɗamara ce mai faɗin kusan santimita 4, da sandar murɗawa da wurin maƙale ta. Ana ɗaura shi santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gwiwa ko gwiwar hannu ba, a murɗa har jinin ya tsaya cak. Zai yi zafi ƙwarai, mai raunin zai roƙi a sassauta, kada a sassauta. A rubuta lokacin da aka ɗaura a jikin ɗamarar ko a goshinsa, saboda da wannan lokacin likitan da zai karɓe shi zai yi lissafi. Ƙasa da awa 2 galibi gaɓar na tsira. Saboda wannan rubutun ne ake buƙatar alƙalamin maka, mai kaurin baki, cikin kayan aiki. Akwai jabu a kasuwa waɗanda sandarsu ke karyewa a murɗa ta biyu ko ta uku, don haka a gwada lanƙwasa sandar da hannu kafin a biya. In babu, ɗankwali ko rawani da aka ninke ya yi faɗin yatsu uku, da sifana ko guntun sanda mai ƙwari a matsayin abin murɗawa, ya fi babu. Waya da igiya da robar tayar keke yanka nama suke yi, a bar su.

Safar hannu guda biyu ba ta isa ba. Hatsarin bas ɗaya kan bar mutum biyar ko shida cikin jini, kuma ba a taɓa wani da safar da aka taɓa wani. Ciwon hanta nau'in B da ƙanjamau ta jini suke bi, ga zazzaɓin Lassa da jihar Bauchi maƙwabciya ke fama da shi kusan kowace rani. A zuba aƙalla guda 20, shuɗayen nan sun fi farare jure zafi. Zafin kuwa abin lura ne: a watan Maris da Afrilu Gombe kan haura digiri 40, cikin rufaffiyar mota ya fi haka nesa. Farar safa kan narke ta manne, kana sa yatsa ta yage. Gam ɗin filasta ya mutu. Sifirit ya tsere ta bakin kwalba. A ajiye akwatin ƙarƙashin kujera, ba kan dashbod ba, ba kuma ƙasan kaya a but ba, inda sai an sauke buhu goma kafin a kai gare shi. Duk wata 3 a buɗe a duba ranar lalacewar kowane abu da lambar NAFDAC a jikin magunguna.

Ɗan almakashin da ke ciki ko bandeji da ƙyar yake yankawa. A sauya shi da babba mai dakusasshen baki wanda zai keta wandon jins da bel ɗin kujera, domin raunin da ba a gani ba ba a tare shi. A ƙara tocila mai batir, da bargon leda mai ƙyalli ko zani mai kauri. Wanda ya zubar da jini jikinsa na yin sanyi ko da rana tsaka, kuma sanyin na hana jini daskarewa.

Ƙuna ba ta buƙatar komai daga akwatin sai abin rufewa da maganin rage raɗaɗi. Yaron mota ya buɗe lagireto da zafinta, ruwa ya watso masa: a zuba ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na tsawon minti 20, a cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, a rufe da leda mai tsabta ko goz ba tare da matsewa ba. Ɗanyen ƙwai, man goge baki, manja, baƙin mai, duk suna riƙe zafi su jawo ruɓa. Farasitamol ya dace, babba ya sha giram 1, kada ya wuce giram 4 a yini. A ƙara fakitin gishiri da sukari na ORS guda 4; a karanta jikinsa, in na lita ɗaya ne, fiya wata biyu ke nan.

Ga masu bin hanyar Billiri da Kaltungo da Balanga, musamman lokacin shuka da girbi, akwai zancen maciji, kuma a nan tonike da muka yaba ya zama haramun. Kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe da nisa, ita ce ta fi sara a wannan yanki. Dafinta na hana jini daskarewa, sai a ga dasashi na zubar da jini, tsohon ciwo ya ɓalle. Ɗaure gaɓar tamau na ruɓar da ita, tsagawa da reza na buɗe ƙofar jinin da ba zai tsaya ba, tsotsa da baƙin dutse kuma ɓata lokaci ne. Kada a ba shi asfirin ko ibufurofen ko daikulofenak, suna ƙara zubar jini. A cire zobe da abin hannu, a ɗaure gaɓar da katako sakwa-sakwa kamar karaya, a hana shi tafiya da ƙafa, a nufi asibitin masu saran maciji na Kaltungo ko mafi kusa da ke da allurar kashe dafi irin EchiTAb. A can za a ɗebi jini kaɗan a kwalbar gilashi a ajiye minti 20. In bai daskare ba, dafi ya shiga.

Akwai abin da ba kwalba ba ne ba bandeji ba, kuma takardar bayanin da ke cikin wasu akwatunan, da Turanci da ƙananan haruffa, ba ta koyar da shi. Jama'armu akwai zuciyar taimako, kafin ka ce kwabo an taru, amma sai a cicciɓi mutum hannu da ƙafa, kai na reto, a tura shi bayan a-kori-kura. Wanda ƙashin wuyansa ya tsage, wannan ɗaukar ce ke shanye masa jiki har abada. Idan ba wuta ko wata mota ake tsoro ba, a bar shi inda yake, mutum ɗaya ya riƙe kan da hannu biyu daidai da jiki. In dole a ɗauka, mutum huɗu su ɗaga shi a miƙe a kan katako ko ƙofa. Ɗan acaɓa mai hular kwano ba a cire masa ita sai in ta hana shi numfashi. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa ko madara, huhu suke wucewa. In yana numfashi, a juya shi kan gefensa gaba ɗaya, kai da jiki tare, don amai da jini su fito waje. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a kan ƙasa mai tauri, a danna tsakiyar ƙirji zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa. Wannan sai an gwada da hannu a kan mutum-mutumin koyo kafin ya zauna. Ƙungiyar Red Cross ta Najeriya na ba da irin wannan horo, kuma da shugabannin tasha za su shirya wa direbobinsu na yini ɗaya, da ya fi musu akwati goma.

A cikin murfin, a rubuta 112, lambar gaggawa ta ƙasa, da 122 ta hukumar kiyaye haɗurra. Duka kyauta ne. Mai kira ya faɗi garin da ya wuce na ƙarshe, da wanda ke gabansa, da adadin waɗanda suka ji rauni, da ko akwai wanda ya maƙale. A ƙasan lambobin a ƙara layi ɗaya: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar kulawar gaggawa, dokar 2017 kuma ta wajabta duba wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Tsoron wannan takarda na sa mutane da yawa su tsaya kallo. Rauni mai tsanani, na kai ko ƙirji ko ciki, in da hali a wuce da shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ko na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa in Bauchi ta fi kusa, inda ake da ɗakin tiyata da ma'ajiyar jini.

Hukuncinmu: yadda ake sayar da shi, akwatin ya isa gida ko shago, bai isa motar haya mai dogon zango ba. A saye shi don robar, a zaɓi mafi girma da maɓalli mai ƙwari, a fitar da sifirit da jibi da rabin audugar, a tsaya a kemis ɗin a cike gurbin da goz, bandeji mai talewa, safar hannu, babban almakashi da alƙalamin maka. Tonike ne kaɗai zai yi wuyar samu a kemis na unguwa. Sai a tambaya a shagunan kayan asibiti, kuma mai bas ya sayi biyu.