Jirgin sama ko na ƙarƙashin teku: wanne ya fi ɓarna a Yaƙin Duniya na Ɗaya?

Malam, ka tambaya a zaure: tsakanin artabun jiragen sama na farko-farko da farautar jiragen 'yan kasuwa da Jamus ta yi daga ƙarƙashin teku, wanne ya fi tasiri a yaƙin 1914 zuwa 1918, wanne kuma ya fi rashin imani? Ta farkon ba ta da wuyar amsa. Jirgin sama ne ya yi suna, amma na ƙarƙashin teku ne ya kusa durƙusar da Birtaniya. Ta biyun ce sai an zauna.

A wata ɗaya suka fara, Oktoban 1914. Ran 5 ga wata wasu Faransawa biyu, Joseph Frantz da Louis Quenault, suka harbo jirgin Jamus kusa da Reims, karo na farko da jirgi ya kakkaɓo jirgi da bindiga. Jiragen lokacin katako ne da ƙyalle da waya, aikinsu leƙen asiri, matuƙa na tafiya da ƙaramar bindiga ko da za su yi kiciɓis da abokin gaba. Ran 20 ga wata kuma jirgin ƙarƙashin teku U-17 ya tare jirgin kaya Glitra kusa da Norway. Ya fito saman ruwa, ya ce ma'aikata su sauka cikin kwale-kwalensu, sannan aka buɗe wa jirgin ƙofofin ruwa ya nutse. Ba wanda ya mutu. Ƙa'idar teku ke nan a lokacin: ka tsayar, ka bincika, ka fitar da mutane, sannan ka nutsar.

A sama, matsalar farfela ce ta hana ruwa gudu. In ka ɗora bindiga a hancin jirgi ka harba, farfelarka za ka fara karyawa. A Afrilun 1915 Roland Garros ya liƙa wa tasa ƙarfe don harsashi ya riƙa zamewa, dabara mai haɗari, ya kuma faɗa hannun Jamusawa a watan. Kamfanin Anthony Fokker ya fito da abin da ya fi: na'urar da ke haɗa kunamar bindiga da juyawar inji, harsashi ba ya fita sai bakin farfela ya kauce. Daga nan matuƙi ya koma saita jirgin gaba ɗaya a kan abokin gaba, aka samu gwanayen matuƙan Jamus irin su Max Immelmann da Oswald Boelcke.

A teku kuwa ƙa'ida ce ta zama matsalar. Jirgin ƙarƙashin teku a saman ruwa ba shi da ƙwari, harbin igwa ɗaya ko gware ɗaya da wani jirgi ya ishe shi. Birtaniya ta ɗora wa jiragen kasuwa igwa, ta kuma fito da jiragen yaudara masu kama da na kaya alhali da makamai a ɓoye. Kyaftin ɗin da ya fito yin gargaɗi ya sa kansa a tarko. Sai Jamus ta ayyana ruwan da ke kewaye da Birtaniya fagen yaƙi a Fabrairun 1915. A Maris aka nutsar da jirgin fasinja Falaba na kamfanin Elder Dempster, ya taso daga Liverpool zai zo Afirka ta Yamma, mutum 104 suka mutu. Ran 7 ga Mayu U-20 ya harbi jirgin fasinja Lusitania kusa da Ailan, ya nutse cikin minti 18 da mutum kusan 1,200, 128 daga ciki Amurkawa.

In kana son gwada su kafaɗa da kafaɗa, ɗauki Afrilun 1917. A watan sojan saman Birtaniya ya yi asarar jirage wajen 245 a yankin Arras na Faransa, mafi munin abin da ya same shi zuwa lokacin. Duk da haka bai daina tashi ba, ya ci gaba da ɗauko hotunan ramukan Jamusawa yana nuna wa 'yan igwa inda za su harba, wanda dama shi ne maƙasudin artabun. A wannan watan dai jiragen ƙarƙashin teku sun nutsar da jiragen da nauyinsu ya haura tan 850,000, ga Birtaniya tsibiri ce mai shigo da yawancin alkamarta daga waje. Jirgin sama guda 245 masana'anta za ta mayar cikin makonni. Jirgin ruwa kuwa sai an yi watanni ana ƙira. Abin da ya ceci Birtaniya shi ne tafiya ayari-ayari da rakiyar jiragen yaƙi, wanda aka fara gadan-gadan daga Mayu. Sai dai cacar ta ƙona Jamus, domin nutsarwa ba gargaɗi da ta dawo da ita ran 1 ga Fabrairu na cikin abin da ya jawo Amurka yaƙin ran 6 ga Afrilu.

Ko a tsakanin gwanaye haka lissafin yake. Matuƙin Jamus Manfred von Richthofen ya harbo jirage 80, duniya ta san shi. Lothar von Arnauld de la Perière, kyaftin ɗin jirgin ƙarƙashin teku na Jamus wanda ya yi aikinsa a Bahar Rum, ya nutsar da jirage sama da 190, yawanci da igwar saman jirginsa don tattalin tofido, wato makamin da ake harbawa ta ƙarƙashin ruwa. Wa ka taɓa ji yana ambatonsa?

Batun imani, kada labarin jarumta ya ruɗe ka. Artabun sama ba dambe ba ne da ake shiga fili a kirari. Koyarwar Boelcke ita ce ka hau sama da abokin gabanka, rana na bayanka, ka zo masa ta baya, ka harba daga kusa. Yawancin waɗanda aka harbo ba su ga mai harbin ba. Matuƙan Birtaniya ba a ba su laimar sauka ba, tankin fetur kuma na kusa da jikinsu, in wuta ta kama sai dai mutum ya zaɓi ƙuna ko faɗowa. Kwanton ɓauna ne a sama, kwanton ɓauna ne a ruwa.

Bambancin yana wajen wanda ake yi wa. Wanda ya mutu a sama soja ne da bindigarsa. A teku mai zuba gawayi a inji ne, da kuku, da fasinja, har da 'yan Afirka ta Yamma masu aiki a jiragen Elder Dempster. Jirgin kamfanin mai suna Apapa ya taso daga Legas a Nuwambar 1917, saura ƙiris ya isa Liverpool aka harbe shi cikin dare, mutum 77 suka tafi. Don haka a ganina na teku ya fi muni, ko da yake Jamusawa za su ce maka takunkumin ruwa da Birtaniya ta ƙaƙaba musu ya kashe fararen hula da yunwa fiye da duk wanda tofido ya kashe, kuma ba ƙarya suka yi ba.

Su ma mafarautan ba su sha ba. Jamus ta rasa jiragen ƙarƙashin teku 178 da mutum wajen 5,000. Walther Schwieger da ya nutsar da Lusitania ya halaka da jirginsa a Satumban 1917. Richthofen kuwa an harbo shi ran 21 ga Afrilun 1918 yana da shekara 25, sojojin Ostireliya da yake yaƙi da su ne suka binne shi da faretin girmamawa.