Fitilar Wood ta hannu: ta yi amfani, amma ba ta gano makeron jiki

Fitilar da nake nufi ita ce ƙaramar nan ta hannu da ake caji, mai hasken ultrabayolet na nanomita 365 (ma'aunin tsawon zangon hasken ke nan) da gilashin ƙara girma a tsakiya. Masu sayarwa suna tallata ta a matsayin na'urar gano makero, ma'aikatan lafiya da dama kuma don haka suke saye. Na yi aiki da ita a ɗakin duba marasa lafiya, kuma a ganina ta ci kuɗinta, sai dai aikin da ake tallata ta a kai shi ne wanda ta fi gazawa a cikinsa.

Makeron jiki, mai zana zobe da ɓawo a gefe tsakiya ta washe, galibi ba ya haske a ƙarƙashinta. A kan ƙora take taɓuka abu, shi ma ba kullum ba. Ya danganta da irin ƙwayar fungus da ta kawo ta. Idan Microsporum audouinii ne, wanda ya yawaita a kawunan yara a Afirka ta Yamma, ko Microsporum canis da ake ɗauka daga kyanwa da kare, guntayen gashin da suka kakkarye za su yi haske kore. Trichophyton soudanense da tonsurans kuwa a cikin silin gashi suke zama, ba sa haske. Don haka idan an haska kan yaro ba a ga komai ba, kada a ce ba ƙora ba ce. In alamun sun nuna ita ce, maganin sha take buƙata, kamar griseofulvin na mako 6 zuwa 8, domin man shafawa ba ya isa tushen gashi.

Inda ta fi burge ni shi ne matsematsi da hammata. Tabo mai launin ƙasa a wajen sau da yawa ana ɗaukarsa makero, alhali erythrasma ne, ciwon bakteriyar Corynebacterium minutissimum. Da an haska sai ya yi ja kamar murjani, nan take an san maganin bakteriya ya kamata a rubuta. Sinadarin da ke ba da jan yana wankewa da ruwa, shi ya sa wanda ya yi wanka da sabulu kafin ya zo yakan fito babu haske. Kyasbi yakan yi rawaya-rawaya, amma ba a kowa ba.

Duhu sosai take so. A rufe taga, a saki labule, a jira kamar minti ɗaya ido ya saba, a riƙe ta nisan santimita 10 zuwa 30 daga fata, mara lafiya ya rufe ido idan fuska ake dubawa. Basilin, ragowar sabulu da zaren tufafi duk suna hasken shuɗi, suna ruɗa wanda bai saba ba. Batirin kuma in ya yi sanyi hasken yana dushewa ba tare da an lura ba, wannan aibi ne babba a wajen da wuta ba ta tsayawa.

Zobban da suka fi ba ni tsoro fitilar ba ta cewa komai a kansu. Tabo mai fari-fari, busasshe, mai ɗan tudu a gefe, wanda ba ya ƙaiƙayi, a shafa masa auduga mara lafiya na rufe da ido. In bai ji ba, a laluba jijiyar bayan gwiwar hannu ko ta yi kauri, a tura shi gwajin kuturta ba ɓata lokaci; maganin kyauta ne, jinkiri kuma shi ke kawo nakasa. Akwai wasu ciwukan fata masu kama da makero: granuloma annulare ƙananan ƙuraje ne masu tauri a jere, babu ɓawo, galibi a bayan hannu ko ƙafa. Pityriasis rosea tana farawa da babban tabo guda, ɓawonsa daga ciki yake zagaye, sannan ƙanana su bazu a ƙirji da baya, ta tafi da kanta cikin mako 6 zuwa 8. Idan irin wannan ya haɗa da tafin hannu da na ƙafa, a yi gwajin jini na tunjere.

Abin da ke ƙara dagula lissafi shi ne man shafawa mai haɗin uku da ake saye a kemis, mai ɗauke da maganin steroid irin su clobetasol ko betamethasone. Yana kashe ƙaiƙayi, ya share ɓawon, gefen zoben ya ɓace, cutar kuma tana ta faɗi. A nan dole a kankaro gefen tabon, ba tsakiya ba, a ɗiga wa abin da aka kankaro ruwan KOH (sinadarin potassium hydroxide) kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, a duba a madubin likita.

Mai son saye ya tabbatar 365 aka rubuta kuma tana da baƙin gilashin tacewa a gaba. Masu arha na 395, irin na duba kuɗin jabu, hasken shuɗinsu yana danne koren da ake nema.